Ban Gajiya da Takardu a Aljihu

Da za a ce in zaɓi yini ɗaya cikin kwanakin da na yi a duniya, in warware shi kamar yadda tela ke warware ɗinkin da ya karkace, ba zan tsaya tunani ba. Wata Lahadi ce bayan la'asar, a wani gidan haya da ke unguwar Biafra, cikin Treichville ta birnin Abidjan. Na je yi wa ɗiyar ƙanwata ban gajiya, alhali akwai aiki ƙunshe a aljihun rigata. Ban zage ta ba, ban ɗaga mata murya ba, har addu'a na yi mata kafin in tashi. Shi ya sa na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban yi komai ba. Yanzu na tsufa, ƙaryar ta daina kama ni.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Na yi allo a garinmu, can ƙasar Gobir, na yi shekara uku a lekol, wato makarantar boko, daga nan na hau motar albasa na sauka Abidjan ina saurayi. Tun ranar ina Adjamé. Rumfata tana kasuwar da ake kira Black Market. Da rediyo na fara, yau kuma tsofaffin wayoyi da caja nake sayarwa. Faransancina na kasuwa ne. Ya ishe ni ciniki, ya ishe ni faɗa da yaron gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, amma in aka miƙo mini takardar hukuma sai in riƙe ta kamar wanda aka ba jinjirin wani.

Ita kuwa a Biafra aka haife ta. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka bakina bai taɓa kama sunanta ba. Uwata nake ce mata, ita kuma in tana jin tsokana ta ce mini ɗana. Ta yi karatu har sakandare. Hausarta sai ta tsaya ta nemo kalma, amma in ta juya harshe zuwa Faransanci, ma'aikacin da ke bayan tebur yakan gyara zama. Tana da teburin atamfa a kasuwar Treichville, mijinta yana gyaran firiji a unguwar Arras, 'ya'yansu biyu.

Ga abin da ya haɗa mu aiki. Mutanenmu suna da wani sakaci da muka daɗe muna ɗauke da shi. A haifi yaro a gida, a yanka rago ranar suna, a ci a sha, babu wanda ya je ya rubuta haihuwar a ofis. In ka yi wa uban magana sai ya ce ai baɗi za mu koma gida. Baɗin nan na san mutanen da suka yi shekara talatin suna jiranta. Yaro ya shiga lekol, ya kai ajin ƙarshe na firamare, a ce ya kawo takardar haihuwa don jarrabawa, babu. Gyaran abin kuwa sai an bi ta kotu da shaidu, a dawo ofishin rajista, a sake komawa. Wanda bai san ƙofofin ba yakan gaji tun a ta biyu.

Uwata ce ta fara. Wata yarinya a gidansu ta dawo daga lekol tana kuka, ta tambaye ta, ta ji dalili, ta rufe teburinta kwana uku ta bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya har takarda ta fito. Magana ta bazu. Daga Biafra ta kai Arras, ta haye gada ta iso mu a Adjamé. Wata Juma'a dattawa suka zauna bayan salla aka ce a kafa ƙungiya, don kada ɗan Bahaushe ya ƙara rasa jarrabawa saboda takarda. Aka ɗora ni shugaba, don ina da furfura kuma ina da baki. Mun kai mu ashirin ranar da aka yi fatiha. Amma gaskiyar tsarin ita ce, ni ke yin alkawari, ita ke cikawa.

Maƙwabcin rumfata wani Bazabarme ne, abokin wasana, mun tsufa tare muna zagin juna. Duk sanda ya ga wani uba ya zo ya durƙusa yana yi mini godiya, sai ya leƙo ta bayan tulin takalmansa.

"Ranka ya daɗe, shugaban ƙungiyar mutum ɗaya! Mutum ɗayan ma ba kai ba ne."

"Rufe mana baki, bawana. Me Bazabarme ya sani ban da kwaɗon zogale?"

"Na san in Bagobiri ya ce an gama, to akwai wani can yana shan rana. Kai, ka ji tsoron Allah da yarinyar nan. Ko jakina na gida ana sauke masa kaya ran kasuwa."

Sai mu yi dariya. Da yake da wasa ya faɗa, da wasa na ɗauka.

Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Shekara huɗu muka yi. Na ga uwa ta rungume takarda kamar ta ga ɗanta da ya ɓata. Na ga iyaye maza da a da in an ce ofis sai su ce Allah ya kyauta, sun fara zuwa da kansu tun jego bai ƙare ba. Wannan canjin da ƙafafun Uwata aka yi shi. Ta fita da safe ta kama woro-woro, tasin da ake shiga a haɗe, ta tsaya layi, ta nemo shaidun da suka yi alkawari suka ɓace, ta dawo ta buɗe tebur rabin yini, ta dafa wa yara abinci, waya kuma ba ta daina kuka ba. Ni ne na raba lambarta a masallaci.

Sau biyu ta roƙe ni abu. Na farko ta ce, "Kawu, a ba ni mutum biyu ko uku in koya musu hanya. Akwai 'yan mata da samari da suka fi ni Faransanci." Na ce sabon hannu ɓata aiki yake yi, a bari sai an samu sarari. Abin da ban faɗa ba shi ne, ita ba ta taɓa dawowa hannu wofi ba, ni kuma na saba da daɗin a ce maganata ba ta faɗuwa ƙasa. Na biyu ta ce a bar mata Lahadi, kada a turo kowa gida. Na ce to. Lahadi biyu aka yi, ta uku ni da kaina na tura mutum. Da ta yi mini ƙorafi sai na buɗe mata tarihin da kowane tsoho ke da shi a baki: yadda muka zo kan buhun albasa, yadda muka kwana a tasha, yadda ba mu san wani abu wai shi hutu ba. Na ce hutu na masu kuɗi ne da Turawa, talaka sai kabari. Ta sunkuyar da kai. A lokacin na ɗauka na gamsar da ita. Kunya ce kawai. Ɗiya ba ta mayar wa kawunta magana sau biyu.

A shekara ta huɗu ta fara ciwon kai. Ƙanwata, wato uwarta, ita ta zo har rumfa ta gaya mini. Ta ce likita ya auna ta, ya ce jininta ya hau sosai, ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ta ajiye komai ta kwanta. Ina rubuta wannan don kada wani ya yi mini uzuri. Na sani. An gaya mini da Hausa, da rana tsaka, ina zaune a kan bencina.

Uwata ta ce sai ta ƙarasa wani rukuni da ta riga ta fara, na yara da yawa da aka sa musu rana ɗaya a kotu. Ranar Juma'a ta yini a tsaye da su da shaidunsu. Asabar ta bi gida gida tana yi wa iyaye bayanin abin da ya rage. Aka shirya Litinin za ta tafi garin Bassam, wajen wata gwaggon mijinta da ke kusa da bakin teku, ta yi sati biyu ba ta ga kowa ba.

A wannan Juma'ar, bayan salla, wasu iyaye daga wani gida a Adjamé suka tare ni a gaban liman da takardun yara bakwai. Na karɓa. Na ce, da ƙarfi yadda na sahun baya za su ji, "Kafin Juma'a mai zuwa an shigar da su."

Kowa ya san ban gajiya. Mutum ya yi biki, ko ya dawo daga tafiya, ko ya sha wata wahala saboda jama'a, washegari ka taka ka je. Tun ina yaro na ga yadda ake yinta. Ba a daɗewa, ba a kawo zance mai nauyi. Ka ce ya gajiya, a ce ta bi lafiya, ka yi addu'a ka tashi. A duk ziyarce-ziyarcenmu ita kaɗai ce wadda mai zuwa ba ya neman komai. Iyayenmu da ba su san likita ba sun san cewa wanda ya ɗauki kayan mutane yana bukatar a zo a ce masa an gani, ya sauke. Ni kuwa na daɗe da mayar da ita wani abu dabam. Na lura cewa ran ban gajiya ne Uwata ta fi laushi, an yabe ta, zuciyarta ta yi sanyi, ba ta iya cewa a'a. Sai ya zama duk aikin da na san yana da nauyi, ranar nake kai shi. Ban taɓa zama na tsara haka ba, amma ƙafata ta san hanya.

Ranar Lahadin na naɗe takardun a baƙar leda, na tura su aljihun babbar riga, na ɗora goro biyar a sama. Na hau woro-woro na haye gada.

Ƙanwata na bakin ƙofar gidan tana suyar aloko, wato soyayyar ayaba. Ta dube ni, ta dubi rigata.

"Yaya, ban gajiya ka zo?"

"Ita fa."

"Aljihun nan naka wata nawa ne? Na ga ya kusa haihuwa."

"Goro ne."

Ta juya ayabarta a cikin mai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Jakarta na bakin ƙofa, Yaya. Ka gan ta in ka shiga."

Gidan irin na Biafra ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, igiyoyin shanya sun ratsa sama. Uwata na zaune a ƙofar ɗakinta kan 'yar kujera, ta jingina kai da bango, idonta a rufe. Ta cire tabarau. Ƙafafunta biyu suna cikin wata koriyar roba, ruwan zafi da gishiri, sun kumbura har idon sawun ya ɓace. Na tsaya ban yi sallama ba na ɗan lokaci. Shekara huɗu ban ga fuskarta ba tana zaune haka kawai, ba ta lissafin inda za ta je. Sai na ga mahaifiyata sak, har yadda leɓen ƙasa ke saki in barci ya fara ɗaukarta.

Da na juya a nan, da yau ba ni da abin rubutawa.

Na yi sallama. Ta buɗe ido ta yi murmushi, ta yunƙura za ta tashi, na ce ta zauna.

"Uwata, ya gajiya?"

"Gajiya ta bi lafiya, ɗana. Ka zo ka tarar uwarka ta zama kifi."

"Ai gara ki saba. An ce gobe sai teku."

"Sati biyu cur. Wayar ma a nan zan bar ta, cikin kwanon shinkafa. Likita ya ce in ban kwanta da kaina ba, za a kwantar da ni."

Muka yi dariya. Na ba ta goro, ta ce ai an hana ta, ta miƙa wa wata maƙwabciya. Na ɗaga hannu na yi addu'a, Allah ya saka, Allah ya ƙara lafiya, aka shafa. Nan ban gajiya ta ƙare. Amma ban tashi ba. Na gyara hula, na tambayi yara, na tambayi maigidan, na sake gyara hula. Tana kallona. Murmushin ya tafi a hankali.

"Kawu, fito da shi."

"Dubawa kawai za ki yi, ki gaya mini ta inda za a fara."

"Su nawa ne?"

"Bakwai."

"Masu jarrabawa bana fa?"

"Biyu."

"To ai da sauran lokaci. In na dawo zan fara da biyun, in sha Allahu za su samu. Biyar ɗin kuwa ko bayan salla ne."

Gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce. Babu abin da zai lalace cikin sati biyu sai maganar da na yi a gaban liman. Na ce na riga na yi alkawari. Ta ce, "Kawu, wallahi kaina kamar ana daka a ciki. Jiya a gbaka sai da na manta inda zan sauka." Ba ta taɓa gaya mini abu irin wannan ba. Ta faɗa ƙasa-ƙasa, tana kallon ruwan.

Sai na ce, "Wadda kika ci sunanta ba ta taɓa cewa ta gaji ba."

Ƙarya ce. Mahaifiyata ta sha faɗa. Na ji ta da kunnena tana faɗa a bakin rijiya, tana faɗa a gindin turmi, babu dai wanda ya saurara ne, kuma ba ta yi tsawon rai ba. Amma Uwata ba ta san ta ba. Abin da ta sani game da kakarta daga bakina ta ji shi. Na ɗauki sunan da aka ba ta don girmamawa, na yi mata bulala da shi.

Ta zaro ƙafa ɗaya daga robar, ta zaro ɗayar. Ga tsumma a gefenta, ba ta goge ba. Ta miƙe ta shiga ɗaki ɗauko tabarau da littafinta. Sawunta ya fito a kan siminti, jiƙaƙƙe, kowane yatsa a bayyane. Taku shida daga robar zuwa ƙofa. Ina zaune ina kallonsu suna bushewa daga gefe, kuma abin da ke raina a lokacin shi ne, alhamdu lillahi, ta karɓa.

Ƙanwata ta shigo. Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki robar ta kai bakin magudana ta tuntsurar. Ta ɗauki jakar da ke bakin ƙofa ta mayar ciki.

Litinin ta fita. Talata ta fita. Laraba wajen azahar ina cin acheke, dambun rogo, a rumfa wayata ta yi ƙara, wata mai sayar da lemo ce, da Julanci take magana da sauri. Ta ce wata mata ta sauko daga gbaka a Adjamé, ta yi taku biyu ta zube, lambata ce ta ƙarshe da ta kira. Tsakanina da wurin bai kai tafiyar minti goma ba. Uwata ce, wajena za ta zo, ta gaya mini inda aka kwana.

Ta rayu. Amma ɓarin jikinta na dama ya tafi, hannu da ƙafa, harshe kuma ya yi nauyi. Ta yi makonni a asibiti. Ina zuwa in tsaya a baranda tare da sauran dangi, ana cewa ƙaddara ce, ni ma ina cewa ƙaddara ce. Ƙanwata ta yi wata uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Mijin Uwata bai taɓa canza mini fuska ba. Wata rana ya zo rumfa, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, ya ajiye baƙar ledar nan a kan teburina.

"Baba, ga kayanku."

Ya tashi ya tafi. Bazabarme yana jinmu. Ranar bai leƙo ba, kuma tun daga ranar bai ƙara kirana shugaba ba.

Na ce zan ƙarasa da kaina. Na sa rigar Juma'a na tafi. Na shiga ƙofar da ba ita ba, aka nuna mini wata, na je ba tare da shaidu ba, na dawo da shaidu ranar da ba a zama. Littafinta na hannuna, duk hanyar a rubuce, amma da Faransanci da gajerun alamu da ita kaɗai ta san ma'anarsu. Na nemi mutum ashirin ɗin da muka yi fatiha tare, kowa ya ce ai shi bai san kan abin ba. Gaskiyarsu ne. Wa ya koya musu? Ni na hana. Yaran nan biyu ba su zauna jarrabawa ba a shekarar. Ɗaya ya sake aji ya samu daga baya. Ɗayar, mace, ba ta koma ba. Tana sayar da ruwan sanyi a bakin tasha yanzu, ta girma, tana gaishe ni da ladabi, ba ta san komai ba. Sati biyu na ƙi bayarwa. Aikin ya tsaya fiye da shekara.

Tun daga lokacin sawun nan ke bina. Abidjan gari ne na ruwa, ba inda za ka je ka tsere wa jiƙaƙƙen siminti. A wurin alwala na masallacinmu, mutum ya wanke ƙafa ya taka zuwa tabarma, sai in tsinci kaina ina ƙirgawa. In ya kai shida sai in kau da kai. Ran da aka yi ruwan sama, mai saye ya shigo rumfa ba takalmi, sai in kasa gaya masa kuɗin caja ina kallon ƙasa. Na daina sayen koriyar roba a gidana, matata ta ɗauka tsufa ne ya sa ni son shuɗi. Wani lokaci ina cikin salla, a sujada, sai in ji ƙarar ruwan da ƙanwata ta tuntsurar. Na yi istigfari, na yi sadaka, na tambayi malamai. Suka ce haƙƙin mutum sai mutum ya yafe.

Na yi shekara ina zuwa gaishe ta ban iya buɗe bakin ba. Tana zaune a wannan ƙofar dai, a kujerar roba mai hannu, ƙafar dama a miƙe kan matashi. Maganarta ta dawo kaɗan-kaɗan, kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya. Wata Lahadi da tsakar gidan ta yi shiru na sauka daga benci na zauna a ƙasa gabanta, abin da ban taɓa yi wa na ƙasa da ni ba.

"Kawu, tashi. Mutane."

"Bar su su gani. Uwata, ƙarya na yi miki. Kakarki tana gajiya. Ta sha faɗa. Kuma takardun nan da sun jira. Na sani tun a ranar. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallona. Gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga.

"Na sani. Inna ta gaya mini. Tun tuni."

"To ki yafe."

"Na yafe, ɗana. Ni ma da nawa. Ina jin daɗi. A ce ba na gajiya." Ta huta, ta haɗiye yawu. Na ɗauka ta gama, har na fara godiya. Sai ta ce, "Amma Kawu. Ruwan nan. Bai huce ba."

Ban gane ba da farko.

"Lokacin na sa ƙafa. Ka shigo. Ko minti biyar. Ban yi ba."

Ba da zafi ta faɗa ba. Kamar dai wani abu ne da ta ajiye ta rasa wanda za ta ba. Ta yafe, na yarda ta yafe. Amma da wannan maganar na koma Adjamé, kuma da ita nake kwana nake tashi. Duk hutun da ta samu cikin shekara huɗu, wanda ta haɗa wa kanta da butar ruwan zafi da ɗan gishiri, ban bar ta ta kai ƙarshensa ba.

Aikin ya tashi daga baya, ba da hannuna ba. Daga kan kujerar nan ta tara mutum biyar, mata uku maza biyu, duk haihuwar nan. Tana faɗa a hankali suna rubutawa, littafin da ya gagare ni ya zama littafi biyar. Ita ta kafa musu doka. Kowa ya yi sati biyu sai ya sauka wani ya hau. Wanda ke hutu a karɓe masa wayar aiki, a miƙa ta ga na gaba. Ba a kai wa kowa takarda gida. Wanda ya ce ya gaji ba a tambayarsa dalili. Da na ji, tsohon halina ya motsa, na ce a raina wannan ai wasa ne, yaushe za a gama. Ga shi shekaru sun wuce suna nan su biyar, sun ma ƙara biyu, ba wanda ya faɗi. Suna tafiya a hankali fiye da yadda take yi, wani lokaci uba ya zo ya yi mini ƙorafi cewa an ce ya jira sati. In ce masa ya jira. Na sauka daga shugabanci, ba wanda ya roƙe ni in zauna.

Har yau ina haye gada ran Lahadi. Ƙanwata ta tsufa, ta bar suya, amma tana nan bakin ƙofa. Kafin in shiga nakan tsaya gabanta in zazzage aljihuna biyu, ta gani. Ran farko da na yi haka ta yi tsaki ta kau da kai. Yanzu takan ce, "Wuce, Yaya, na ga ba ciki." Bassam kuwa har yau Uwata ba ta je ba. Shiga mota na yi mata wuya, gwaggon ma ta rasu.

Ku da kuke karanta wannan, na san a cikinku akwai masu irin nata hali, akwai masu irin nawa. A kowace unguwa, kowace ƙungiya, akwai mutum ɗaya da kowa ya san ba ya cewa a'a, kuma akwai dattijon da ya san ranar da ya fi laushi. Da dattijon nake. In naku ya ce kansa na ciwo, ku yarda tun bai rantse ba. In ya ce a ba shi wanda zai koya wa, ku ba shi a ranar. Kada ku kira masa sunan matattu don ya tashi. In kuma kun je ban gajiya kun tarar da ƙafarsa cikin ruwa, don Allah ku bar abin da ke aljihunku a inda yake, ku yi addu'a, ku fita, ku bar ruwan ya huce da kansa.